Ƙuri'ar da Aka Rasa Tun Ranar Suna

A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba a haihuwar mutum a ɓoye. Ran bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da duniya, goro ya zagaya. Shaidu sun fi ɗari. To amma bari a shekara goma sha takwas, jaririn nan ya zama gardi, ya tsaya gaban teburin rajistar zaɓe a ce ya kawo shaidar an haife shi, sai ka ga yana rarraba ido. Yawancin waɗanda na ga zaɓe ya wuce su a yankin nan, ba jandarma ne ya kore su daga layi ba, ba kuma 'yan banga ne suka tare musu hanya ba. Takarda ce babu. Ranar da ya kamata a yi ta kuwa, hankalin kowa yana kan rabon naman suna.

Ni malamin makaranta ne, mushe, kamar yadda yara da iyayensu ke kiranmu. Aiki ya yi ta yawo da ni tsakanin ƙauyukan Gangara da na Cadawa, daga baya ya jefa ni yamma, wajen Gidan Sori. Tun gabanin zaɓen 24 ga Yulin 2004, wanda ya kafa zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi 265 na Nijar, muka haɗa kai da wasu 'yan uwa malamai da ma'aikatan lafiya da matan asusu, muna bi gari gari muna bayanin zaɓe ba da sunan kowace jam'iyya ba. Ba mu da mota, ba mu da ofis, sai babur na aro da bakinmu.

A zaɓen 21 ga Fabrairun 2016 maganar takarda ta kai har Yamai. An ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗaya da rabi sunansu na cikin kundi amma ba su da abin da za su nuna a rumfa, sai aka ba da izinin su yi zaɓe in mutum biyu sun shaide su. 'Yan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce aka buɗe, masu mulki suka ce haƙƙin talaka ne aka kare. A ganina kowannensu ya faɗi gaskiya, ciwon abin ke nan. Na ga tsohuwar da duk gari ya san ta tun tana amarya ta jefa ƙuri'arta ta wannan hanya, wadda ba don haka ba da ta koma gida. Na kuma ga shaidu biyu da suka wuni a bakin wata rumfa suna shaidar duk wanda aka turo musu, har da yaran da muryarsu ba ta gama buɗewa ba.

Shi ya sa da hukumar zaɓe ta CENI, a ƙarƙashin Issaka Souna, ta ce zaɓen 2020 sai da kati mai hoto da tambarin yatsa, muka yi murna, gabanmu kuma ya faɗi. Kati irin wannan ba ya samuwa sai da takardar shaida. Don haka kafin rajista aka fito da alƙalai da ma'aikatan magajin gari zuwa karkara, zaman kotu na tafi-da-gidanka, ana yi wa marasa takardar haihuwa tasu kyauta. A nan aikinmu ya fi yawa, a nan kuma na fi koyon abu.

Za a kafa tebur a inuwar bedi, magatakarda matashi ɗan birni ya zauna da tarin takardu, layi ya miƙe har bakin rijiya. Ya ɗaga kai ya ce, "Inna, shekararki nawa?" Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ƙirga?" Sai ɗayanmu ya matso ya tsugunna kusa da ita: lokacin yunwar El-Buhari kina da aure ko kina talla? Da Kunce ya rasu kin yi haihuwar fari? Shekarar da fara ta cinye gero, wane ɗa kike goyo? El-Buhari 1984 ke nan, rasuwar Seyni Kunce 1987, fara kuwa 2004. Da haka ake lalubo shekara, wata da rana kuma a cike da 1 ga Janairu. In ka duba takardun wasu ƙauyuka sai ka rantse rabin gari rana ɗaya aka haife su.

Shekaru ma da sauƙi. Mace ta zo da 'ya'yanta a yi musu takarda, a tambaye ta sunan ubansu, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. A sake tambaya da ƙarfi, ta yi shiru. Magatakarda ya ɗauka ba ta ji ba ne ko raini ne, ya ce ta koma gefe. Alhali alkunya ce: ba za ta kama sunan mijinta a bainar jama'a ba, ba za ta kama na ɗan farinta ba, ko da za ta kwana a layin. Tun daga nan muka riƙa ce wa mata kowace ta zo da ƙanwar miji ko maƙwabciya da za ta faɗi sunayen a madadinta. Ƙaramar dabara ce, ba ta cikin littafin horo ko ɗaya da aka taɓa raba mana, amma gidajen da ta shigar cikin kundi suna da yawa.

Sai rikicin rubutu. Sunanmu na Hausa ne, alƙalamin na Faransanci. Mutum ɗaya ya zama Mahamadou a wannan takarda, Mamane a waccan, Maman a ta uku. Macen da duk duniya ke kira Delu ko Abu an rubuta mata sunan yanka da ita kanta ta kusa mantawa, ranar rabon kati a yi ta kwala kira tana zaune a wurin ba ta amsa ba. Shiga kundi daban, kati ya zo hannu daban. Na san garin da katunan waɗanda ba su amsa kira ba suka kwana cikin kwali a zauren wani mai faɗa a ji, kuma kowa ya san inda mutumin ya karkata. Ba mu yi faɗa da shi ba. Mun dai roƙi a dawo da kwalin makaranta, a karanta suna da na uba da unguwa, tsofaffi biyu na zaune suna cewa ai wance ce matar wane.

Da aka rufe rajista, kundin 2020 ya tashi da mutum miliyan 7.4, alhali na 2016 ya haura miliyan 7.5, a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da sauri irin na Nijar. Wani ɓangare na ragin alheri ne, an share matattu da masu suna biyu. Wani ɓangaren kuwa mutane ne masu rai da na sani da idona. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa, in ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Saboda haka muka daina jiran shekarar zaɓe. Muka koma wajen ungozoma da wanzami da liman, mutum uku da haihuwa ba ta wuce su, muka roƙe su kowane suna suka je su tambayi mai gida ko an kai wa mai rubutu labari. Limamin da ya fi taimaka mana cewa yake kafin ya shafa fatiha, "An yi wa yaro takarda?" Uban jariri ba ya son a sake yi masa wannan tambaya gaban surukai.

Akwai kuma waɗanda takardarsu lafiya lau, amma ba sa gida. Dubi ranakun: 31 ga Janairun 2011, 21 ga Fabrairun 2016, 27 ga Disamban 2020, 21 ga Fabrairun 2021. Duk rani ne, kuma da hujja, don hanya ta bushe, an gama aikin gona. Sai dai a wajenmu da an ɗaure gero an tone aya an kakkaɓe riɗi, samari sun ɗau jaka. Wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinari, wasu Libiya da Aljeriya. Ka shiga ƙauye ranar zaɓe ka tarar layin mata ya ninka na maza, na mazan ma furfura ta fi yawa. Zaɓen 2004 da aka yi da damina kuwa mutane na gona da hauya. Babu lokacin da ya dace da kowa, na yarda. Amma ɗan ci-rani shi ke aiko kuɗin da ake biyan lanho, wato haraji, da shi, kuma shi ne ba a taɓa tambaya wa yake so ya riƙe kuɗin ba.

Makiyayi ya fi shi shiga uku. An yi masa rajista a inda aka same shi, akwatinsa na nan, shanunsa kuwa ba su san da akwati ba. Wanda ya girma a Gidan Rumji ba ya bukatar a tuna masa Toda. A Oktoban 1991, daidai lokacin da manyan ƙasa ke zaune a Taron Ƙasa a Yamai suna tsara dimokuraɗiyya, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari a can, akasarinsu mata da yara na Fulani. Tsarin da ya biyo baya ya ware kujeru takwas na musamman a majalisar dokoki don ƙananan al'ummomi, ɗaya daga ciki a Bermo, arewacin jihar Maraɗi. Abu ne mai kyau. Amma Bafulatanin da rugarsa ke bayan Cadakori ko Sae Sabuwa ba ɗan Bermo ba ne. A ƙaramar hukumarsa ƙuri'un rugage a warwatse suke, jam'iyya ta sa sunan ɗayansu a can ƙasan jeri don ado, inda kujera ba za ta taɓa kaiwa ba. Sarkinsa na iya zama a majalisa kamar sauran sarakunan gargajiya, a saurare shi, amma in an zo ɗaga hannu ba shi da hannu. A wannan zauren kuwa ake maganar burtalin da gona ta cinye, da mashaya, da kuɗin da kasuwar dabbobi ke shigarwa, wanda a wurare da yawa shi ne ƙashin bayan asusun hukumar.

Abin mamaki, a ƙasa da matakin siyasa mutanenmu sun san yadda ake yi. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa da manomi da makiyayi da mace ke zama a ciki. A Ɗan Saga ta gundumar Agye, garin da ya yi suna a sassaben zamani har baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashe, kwamitin da ke tsaron itatuwa ya haɗa da mata da Fulani mazauna wurin, don sun gane in ba a zauna da mai sanda ba, tsiron gawo ba zai kai shekara ba. Ba wanda ya karanta musu wani kundi kafin su yi hakan.

Tambayar da ta fi bin mu ita ce, "Mushe, kai na wa ne?" A ƙauye kowane gida an san shi: nan 'yan Nasara ne, can 'yan Tarayya, wancan zauren na Rahama, wancan na Gaskiya ko Lumana. Ka ce kai ba na kowa ba ne, a yi murmushi, a ɗauka ba ka so a san farashinka ne. Baki ba ya wanke mutum daga wannan zargi, sai hali, kuma halin a ƙananan abubuwa yake. Ba ma hawa motar ɗan takara ko da rana za ta narka mu a bakin hanya. Ba ma cin tuwon gidansa a lokacin kamfe. Hula mai ruwan hoda ko koriya sai ta huta a akwati har a gama. Takardar gwaji da muke koya wa mutane dangwala yatsa da ita, buta da ludayi da tabarma muka zana a kai, kada a ce mun nuna alamar wani. Duk da haka an kai ƙararmu wajen masu mulki cewa 'yan adawa muke yi wa aiki, a mako guda kuma 'yan adawa suka ce gwamnati ce ta turo mu. Wani ɗan uwana na jini da ya tsaya takarar kansila ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Wannan kuɗin shiga ne, wanda ba zai iya biya ba gara ya ɗauki katin jam'iyya ya huta, ba laifi ba ne.

Game da sabulu da sukari da turmin atamfa da jika ɗaya ko biyu da ake rabawa da dare, ra'ayina ya sha bamban da na masu zuwa daga birni da allon bayani. Ni ba na iya duban macen da rumbunta ya kusa ƙarewa tun Fabrairu in ce mata ta mayar da sabulu. Abin da muke yi, mu kafa zana a tsakar gari, mu sa mutum ya shiga ya dangwala a ɓoye ya naɗe ya jefa a kwali, mu girgiza, mu zazzage, mu ce wa jama'a to a nuna mana tasa. In aka kasa sai dariya ta ɓarke, daga nan magana ta shiga. Masu rabon ma sun gane haka, shi ya sa wasunsu suka koma sa mutane rantsuwa. Nan kam ba fagenmu ba ne, malamai muka kai wa kuka, wasu suka yi huɗuba a kan cewa ƙuri'a shaida ce kuma amana.

Abin da ya fi sabulu ɓarna shi ne kalmar nan, "an riga an rubuta." Ba daga sama ta faɗo ba. Manya suna tune da Yulin 1996, lokacin da aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar aiki aka kafa wata, suna kuma tune da zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 da ya watse. Maganin da na sani guda ne, a tsaya ƙirga. A rumfa ake buɗe akwati, gaban kowa, rumfar kuma sau da yawa ajinmu ne. Magariba ta yi, a kunna fitila, shugaban rumfa ya ɗaga takarda ɗaya ɗaya yana faɗa, wani na jan layi da alli a allon da na koyar da lissafi jiya, yara sun leƙo ta taga suna ƙirgawa tare da shi. Muna gaya wa mutane su sa ɗan makaranta ya kwafe adadin a littafinsa, gobe a gwada da abin da aka kai ƙaramar hukuma. A wata rumfa na iske wakilan jam'iyyu sun sa hannu a takardar sakamako tun la'asar, ba a rubuta komai a kai ba, wai don kada dare ya yi musu. Ba mugunta ba ce, gajiya ce da yunwa, tun safe ba wanda ya kawo musu ko ruwa. Na ce, "Baba, in an cike ta da abin da ba shi ba, hannun wa za a gani?" Ya yi shiru, sannan ya ce a kawo wata.

Mata kuwa labarinsu ya fi kowane nisa. Ranar 13 ga Mayun 1991 matan Yamai suka yi tattaki saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Taron Ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. A majalisar 1999 mace ɗaya ce cikin 83. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ce kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, sai ga mata 14 cikin 113 a 2004. Aka ɗaga zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019, majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020 ta tashi da mata sama da 40. Duk mai cewa doka ba ta canja komai ya dubi wannan lissafi.

Amma na zauna a bayan zauren majalisar wata ƙaramar hukuma, tunda doka ta bar ƙofa a buɗe ga mai son saurare, ko da yake ba kasafai ake samun mai zuwa ba. Kansiloli mata suna gefe guda a kan benci. Sakatare ya karanta kasafin kuɗi da Faransanci, shafi bayan shafi, aka ce wa ya yarda, hannuwa suka tashi. Biyu daga cikin matan an san yadda aka yi suka zo: jam'iyya na neman cike kaso, aka rubuta matar wane da ƙanwar wane. Ta ukun daban ce. Daga asusu ta fito, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi duk mako a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ƙirga a gaban kowa, a ba da bashi, a biya da riba. Ba ta yi boko ba. Ta miƙe ta gyara lulluɓi ta ce, "Ranka ya daɗe, a faɗa mana da Hausa. Kuɗin tikitin kasuwa nawa aka ce an tara bana?" Aka faɗa. Ta ce, "Mu masu ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli kaɗai, in an ƙirga abin da muke biya duk ran kasuwa, ya kusa haka. Na masu dabbobi da masu hatsi fa?" Zaure ya yi tsit. Ba a kama kowa ba, ba a kori kowa ba, amma daga wannan zama aka fara fassara kasafi, aka kuma sake masu yankan tikiti. Tun ranar, in jam'iyya ta zo neman mace don cike jeri, shawarar da muke ba matan gari ita ce su riga ta, su zauna su fitar da wadda ta saba riƙe makullin akwati, kowace jam'iyya ce ta zo.

A yammacin Gidan Rumji wata matsalar ta ƙaru. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sabon Birni da Isa suna gudun 'yan bindiga, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su baƙi ne, ba su da ƙuri'a a nan. Amma namu na bakin iyaka ma da yawa sun bar garuruwansu saboda satar mutane da ta shanu, sunansu kuwa yana rumfar garin da suka gudo daga ciki.

Yanzu maganar zaɓen siyasa duk ta tsaya. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a Maris ɗin 2025 aka kafa kundin sabunta ƙasa mai wa'adin shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyu. A cikinmu akwai masu ganin daidai ne, akwai masu ganin akasin haka, kuma ƙa'idarmu ta dā tana nan, ba ma kawo wannan kan tabarmar aiki. Wasu sun ce to ai sai mu naɗe, tunda ba zaɓe. Ni ban ga haka ba. Ana zaɓen kwamitin iyayen yara a makaranta, ana zaɓen na famfo da na bankin hatsi, kuma duk halin da za a nuna a babban zaɓe a nan ake koyonsa: a ɗaga hannu gaban mai gari ko a jefa tsakuwa a ɓoye, a karanta lissafi ko a ce a yarda da juna kawai. Yaran da ke aji shida lokacin rajistar 2020 kuma sun kai munzali ko suna gab da kaiwa, ba ɗayansu a kundi.

Tunda babu kamfe, mun samu sararin yin gardamar da dā ba ma samun lokacinta. Majalisar da aka rushe kujera 171 doka ta ba ta: 158 na jihohi takwas, takwas na musamman, biyar na 'yan ƙasa mazauna waje, waɗanda ma ba a cike su a 2020 ba. A wancan tsarin jiha guda mazaɓa guda ce. Jihar Maraɗi, mai mutum miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, jeri ɗaya kowace jam'iyya ke kawo mata tun daga arewa har Madarumfa, talaka ya dangwala wa alama, shugabannin jam'iyya su ne suka riga suka tsara wa ke sama wa ke ƙasa. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ƙara da cewa kashi 75 cikin ɗari na 'yan jerin sai masu takardar BEPC ta ƙaramar sakandare, abin da ya rage manoma da yawa tun daga ƙofa. Gazawa ta zama gunduma a 2011 bayan an cire ta daga Agye, ta samu shugaban gunduma da tuta, amma wannan bai lamunce mata kujera ko ɗaya ba. Gidan Rumji mai mutum sama da 500,000 ma haka. Mutumin Gangara na zuwa kasuwar Dankama a ƙasar Katsina, ya ji ana zagin ɗan majalisa da sunansa da na garinsu, ya dawo ya tambaye ni shi wa zai zaga.

Ni ina ganin in an dawo zaɓe a mayar da mazaɓa gunduma gunduma, kowa ya san ƙofar gidan wakilinsa. Wata abokiyar aikinmu, malamar asibiti da ta yi ritaya, ta ce sam. Ta ce, "Mushe, in kujera biyu ce a gunduma, ina za ka yanki kashi 25 ɗin mata? Alhazan 'yan kasuwa biyu za su raba, shi ke nan. Ka leƙa Nijeriyar da kake yabo, a zaɓen 2023 mata ba su kai biyar ba cikin sanatoci 109." Ta ƙara da cewa dogon jeri ne ke ba ƙaramar jam'iyya damar tsintar kujera. Na kawo tsaka-tsaki, a bar jerin jiha amma a tilasta kowace gunduma ta samu wuri a sahun gaba. Ta ce wanda shugaban jam'iyya ya ɗora, ko daga wane gari ya fito, fuskarsa Yamai take kallo.

Makiyayan da muka kai wa maganar a wata ruga kusa da Tsibiri ba su bi bayan ko ɗayanmu ba. Wani dattijo a cikinsu ya ce majalisar Yamai ta yi musu nisa, a yi yadda aka ga dama da ita. Su kujera suke so a majalisar ƙaramar hukuma, irin ta Bermo, ko da guda ɗaya ce, mai hannun ɗagawa, a sa ranar zaɓenta kafin shanu su gangara kudu, kuma rugage su fitar da mai zama a kanta da kansu.